Takarda Biyu, Kwano Ɗaya: Lamarin Wata Dattijuwa Mai Ciwon Sukari da Ciwon Ƙoda a Maradi

Matar da wannan bayani ya shafa ba zan kama sunanta ba, Hajiya kawai zan riƙa cewa. Shekarunta sun kai 60, mijinta ya rasu, tana zaune a gidan babban ɗanta a unguwar Zariya cikin garin Maradi. Sana'arta tun tana amarya matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, har ciwon gwiwa ya sa ta bar wa yara. Shekara 12 ke nan da aka gano tana da ciwon sukari, hawan jini kuma ya biyo baya. Magungunanta uku ne: metformin da glibenclamide na sukari, sai enalapril na hawan jini.

Da asuba aka kawo ta asibiti, zufa ta jiƙa ta sharkaf, ba ta gane kowa, magana ba ta fita daidai. Ƴan gida sun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka soki yatsa, na'ura ta nuna 0.46 g/L, wato giram na sukari a kowace lita ta jini, alhali duk abin da ya gaza 0.70 faɗuwar sukari ce. Aka ba ta ruwan sukari ta jijiya, ta farfaɗo har ta tambayi inda take. Kafin magariba sukarin ya sake faɗuwa. Sai da ta kwana biyu da ƙarin ruwa a hannu kafin ya zauna.

Abin da ya kai ta ga haka yana cikin jakarta, takardu ne biyu a naɗe.

Ta farko tsohuwa ce, tun daga wurin da ake duba ta kan sukari. An rubuta ta bar farar shinkafa, burodi, taliya, rogo, tuwon masara, fura mai sukari da lemun kwalba, ta yawaita wake, gyaɗa, alkama da ganye, musamman zogale. Hajiya ta riƙe wannan takarda hannu bibbiyu. Shekara da shekaru wake ne tuwonta, zogale kuwa daga Jiratawa ake kawo mata shi, ta ci ɗanye ta shanya saura.

Ta biyu mako shida kacal ta yi a hannunta. Ƙafafunta sun kumbura, fitsari yana kumfa, sai ɗanta ya kai ta wani wurin daban. Awon jini ya nuna ƙarfin tacewar ƙodarta ya sauko zuwa 24, inda na mai lafiya yake 90 zuwa sama. Ciwon ƙoda mataki biyar ne, daga 15 zuwa 29 shi ne na huɗu, wanda daga shi sai maganar wankin ƙoda. Sinadarin potasiyom a jininta 5.8, ma'aunin lafiya kuwa 3.5 zuwa 5.0 ne. Aka ba su takarda: ta bar wake, gyaɗa, ganye, tumatir, ayaba, lemu, dabino, dankali, nama, kifi, nono, gero, alkama da gishiri, ta koma farar shinkafa da farin burodi.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikin biyun. Wake da hatsi mai dusa suna sakin sukari a hankali, shi ya sa aka yaba su a takarda ta farko. Su ne kuma ke ɗauke da potasiyom da fosfor, waɗanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa yadda ya kamata, shi ya sa ta biyu ta kore su. Kowace takarda an rubuta ta ne don mai ciwo ɗaya. Gidan Hajiya kuwa suka yi abin da kusan kowane gida zai yi: suka haɗa hanin biyu, duk abin da ya fito a ɗaya daga ciki aka cire shi. Abin da ya rage dafaffen kabeji, da kunun dawa tsinkakke, da shayi ba sukari. Nauyinta ya sauko daga kilo 61 zuwa 55.

"Ɗiyata, gaba kura baya siyaki," ta ce da ni ranar da aka tura ni in zauna da ita kan maganar abinci. "Wannan ya ce in ci, wancan ya ce in bari. Sai na ce bari in bar duka in huta."

Abincin ta bari, maganin ba ta bari ba. Ranar da aka je awon ƙoda ba a tafi da jakar magani ba, domin a ganinsu ciwon sukari mai kula da shi daban. Yaro ya ci gaba da sayo ƙwayoyin da tsohuwar takarda. Glibenclamide kuwa aikinsa matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini, ko an ci ko ba a ci ba, kuma ragowarsa ta ƙoda take fita. Idan ƙoda ta raunana sai ya daɗe a jini yana aiki, dalilin da ya sa sukarinta ya sake faɗuwa bayan ta farfaɗo ke nan. Ita kanta insulin ƙoda ce ke rushe wani kaso mai yawa nata, saboda haka mai ciwon sukari da ƙodarsa ta taɓu yakan ga sukarinsa yana sauka, har wasu su ce sun warke. Metformin ma ba a shan sa idan tacewa ta gaza 30, yana iya taruwa ya tsamar da jini. Likita ya tsayar da glibenclamide da metformin tun daren farko. Ba don haka ba, duk tsarin abincin da za a yi aikin banza ne.

Potasiyom da ya ƙi sauka

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne awon da aka yi mata a kwance: potasiyom 5.9. Mako shida ba wake, ba ayaba, ba dabino, amma bai motsa ba. Wannan ba abin wasa ba ne. Potasiyom idan ya hau ba ya yawan ba da alama, bugun zuciya yake rikitawa, daga 6 zuwa sama kuwa lamari ne na gaggawa.

Hajiya ba ita ke girki ba, don haka amsar tana wajen matar ɗanta. Ban tambaye ta abin da Hajiya ke ci ba, na ce ta lissafa mini duk abin da hannunta ke sawa a tukunya, da duk abin da ke shiga bakin Hajiya daga asuba zuwa kwanciya, ko da ba abinci ba ne. A nan abubuwa suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Tun da aka hana gishiri, miyar Hajiya ta zama salam, sai yarinyar ta ƙara ruwan toka ko za ta ɗan yi armashi. Ruwan da ake tacewa daga tokar kara kuwa cike yake da potasiyom a narke. Maigidan, wanda ke zirga-zirgar kasuwanci ta Jibiya zuwa Katsina, ya sayo wani gishiri na leda da aka ce masa na masu hawan jini ne. Irin wannan gishiri an rage masa sodiyom ne, sinadarin gishiri mai ɗaga hawan jini, aka cike gurbin da potasiyom, yana da amfani ga mai hawan jinin da ƙodarsa ke lafiya, ga Hajiya kuwa haɗari ne. Zogale an daina kwaɗa mata, amma kowace safiya tana zuba cokali biyu na garinsa busasshe a kunu, tana kuma shan ruwan dafaffensa. Wannan a wajenta magani ne, takarda kuwa abinci ta hana. Ganye idan ya bushe ruwa ne ya tafi, sinadaran suna nan a tattare, ruwan da aka dafa shi kuma nan ne potasiyom ɗin ke komawa. Sai ƙwayar diclofenac da ake sayo mata wajen mai tebur saboda gwiwa. Wannan da ƴan uwansa irin su ibuprofen suna rage jinin da ke isa ƙoda, suna hana fitar potasiyom, in suka haɗu da enalapril abin ya fi muni. Ƙari a kan haka, tun da ta bar ganye da wake sai ta yi kwana uku ba ta zaga ba, alhali idan ƙoda ta gaza hanji ne ke ɗaukar wani ɓangare na fitar da potasiyom.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a takardar hani. A ganina nan ne babban aibin takardun da ake rabawa: jerin ya fi kama da na wata ƙasa da aka sauya wa sunayen abinci. Ba su san toka ba, ba su san kanwa ba, ba su san jiƙe-jiƙe ba, amma sun hana nama ga tsohuwar da yanka biyu take gani a miya, shi ma ba kullum ba.

An cire toka, da gishirin leda, da garin zogale da ruwansa, da diclofenac, aka bar mata paracetamol. Enalapril likita bai taɓa shi ba duk da yana ɗaga potasiyom, saboda yana kare ƙodar mai ciwon sukari, yana rage zubar furotin a fitsari. Ya ƙara mata maganin sa fitsari, furosemide, don kumburi, wanda shi ma yana taimakawa wajen fitar da potasiyom. Bayan mako uku awo ya nuna 5.0.

Mayar da abinci cikin kwano

Daga nan muka ajiye takardun biyu gefe, muka tambayi abin da ya fi kusa da yi mata illa. Faɗuwar sukari tana iya kashewa cikin dare ɗaya. Potasiyom haka. Gishiri da ruwa cikin makonni suke nuna kansu, rama ma haka. Sukarin da ya ɗan haura kuwa, da fosfor, ɓarnarsu ta shekaru ce. Mace mai shekara 60 da ta taɓa suma, wadda ƙodarta ke mataki na huɗu, ba a neman sukarinta ya yi daidai da na budurwa. Likita ya ce in na safe yana tsakanin 1.0 da 1.5 g/L ya wadatar. Da ta fara ci sukarin ya haura 2, sai ya sa mata ƙaramar allurar insulin sau ɗaya a rana, ana ajiye kwalbar cikin yashi mai danshi a gindin randa saboda ɗaukewar wuta.

Ƙungiyar masana ƙoda ta KDIGO, a jagorar da ta fitar a 2020 ta kuma sabunta a 2022 kan masu ciwon sukari da ƙoda, ta tsayar da giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana ga wanda bai fara wanki ba, da gishirin da bai kai giram 5 ba. Ga Hajiya wannan furotin giram 48 ne idan aka ɗauki kilo 60. Hatsin da za ta ci a wuni shi kaɗai zai kawo kusan 20. Ƙwai ɗaya 6 ne. Nama dafaffe girman kwalin ashana biyu wajen 15. Da muka yi lissafin sai ga shi ba rage mata za a yi ba, ƙara mata za a yi.

Gero ya dawo. Fosfor ɗin da ke cikin hatsi da wake a ɗaure yake, jiki bai cika ɗaukar rabinsa ba, saɓanin wanda masana'antu ke zubawa a baƙin lemun kwalba da cuku na leda, wanda kusan duka yake shiga jini. Surfe kuma yana tafiya da mai yawa cikin dusa. Muka tsaya a kan tuwon surfaffen gero ko dawa, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta, sau uku a rana, maimakon a tara mata babban akushi da dare. Tuwo mai ƙarfi ya fi kunu tsinkakke daɗewa a ciki, ba ya watsa sukari a jini gaba ɗaya. Farar shinkafa ma ta shigo, domin potasiyom ɗinta kaɗan ne, amma da awo iri ɗaya, kuma ba ita kaɗai ba, sai da kabeji da albasa da mai.

Man gyaɗa shi ya ba Hajiya dariya. Gyaɗa tana cikin hani, amma in aka matse ta, potasiyom da fosfor a tunkuza suke zama, man kuwa babu su, babu sukari. Mai ramewa irinta tana buƙatar ƙarfin abinci, kuma mai ne hanya mafi sauƙi ta samun sa ba tare da an ɗaga awo ko ɗaya ba. Cokali ɗaya a kan kowane abinci, ƙuli-ƙuli kuwa a bar wa jikoki. "Ashe shekara arba'in ina raba mai lafiya da marar lafiya ban sani ba," in ji ta.

Ganye ya dawo ta hanyar ruwa. Ɗanyen zogale ko alayyafo a tafasa cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye a zubar, a matse, a kwaɗa da mai da albasa da lemun tsami. Bayan potasiyom ya sauka wake ma ya dawo: a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa a sake zubarwa, sannan a dafa ba kanwa, cokali huɗu cikin shinkafa, sau biyu a mako. Tumatir ɗanye guda ɗaya a miya babu laifi, na gwangwani ne matsala, don giram 100 nasa yana da potasiyom wajen miligiram 1,000. Dabino yana da wajen 650 ga kuma sukari, ayaba wajen 360, waɗannan biyun hanin takardu ya tabbata a kansu. Kankana yanka ɗaya ko ɗan abarba ba komai.

Fura ce muka fi jayayya a kai. A Maradi ka ce wa tsohuwa ta bar fura da rana, ba za ta musa maka ba, za ta sha ne ba ka nan. Gara a auna mata. Dunƙule ƙarami, nono rabin kofi, ruwa, ba sukari, kuma a madadin tuwon rana take ba ƙari a kansa ba.

Akwai abu guda da ya saɓa wa abin da ta saba ji. In ta ji karkarwa da zufa da jiri, ƙwayar sukari uku za ta tsotsa, giram 15 ke nan, a sake awo bayan minti 15. Ba dabino ba, ba ruwan lemu ba. An ɗaure mata sukarin a gefen zane, an ajiye wani a ƙarƙashin matashi.

Wannan awo duka nata ne, daga takardar jininta aka ciro shi. Mai ciwon sukari da ƙodarsa ke mataki na uku, potasiyom ɗinsa kuma daidai, babu dalilin raba shi da wake da ganye.

Tukunya ɗaya

Gishiri giram 5 ƙaramin cokalin shayi ne a shafe, na wuni guda, har da wanda ke ɓoye. Kusan rabin nauyin dunƙulen magi gishiri ne, kanwa ma sodiyom ce, kilishi da yajin tsire da burodi duk suna ɗauke da nasu. Gidan mutum goma sha ba za a raba tukunya ba, ba itace ba lokaci. Dabarar ita ce a ɗebi miyar Hajiya kafin a sa gishiri da magi, a gyara mata da tafarnuwa, citta, masoro, ƴar daddawa da ɗan gishirin da aka auna mata tun safe a murfin kwalba.

Dabarar mai sauƙi ce a faɗa. Matar ɗan ta biyo ni har ƙofa ta ce, "Malama, ni ba zan iya auna wa Inna tuwo ba. Gobe a ce na shigo gida na hana uwar miji abinci." Gaskiyarta ce, kuma ashe tuni an fara faɗa a unguwa ganin yadda tsohuwar ta rame. Maigidan ma ba zai iya ba, ɗan fari ne, ko sunansa Hajiya ba ta kamawa. Sai aka kira ƙanwar Hajiya, wadda ba kunya tsakaninsu, aka yi bayanin a gabanta. Aka ware ƙaramin kwano guda, Hajiya da kanta ke miƙa shi a zuba mata. Ƙanwar ce kuma ta ɗauki aikin tare ƴan dubiya, waɗanda kowa da ledarsa ta ayaba da lemu da dabino da madara, ta yi godiya ta wuce da ita ɗakin yara.

Ruwan sha ba a taƙaita mata ba, tun da fitsari yana fita kuma kumburi ya sauka. A bazarar Maradi, inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ƙishirwa kanta na iya ƙarasa ƙodar da ta raunana. An dai ce a riƙa duba ƙafa da nauyi. Azumi likita ya hana kai tsaye. Ta ƙi ji daga bakinmu, sai da limamin unguwa ya karanto mata rangwamen da ke cikin Suratul Baƙara ga marar lafiya, ya ce wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa ciyarwa ce tasa, sannan ta yarda.

Inda aka kwana

Bayan wata uku nauyinta ya koma kilo 58. Hawan jini ya sauko daga 17/10 zuwa 14/8, wato daga 170/100 zuwa 140/80. Potasiyom 4.8. Sukari bai sake faɗuwa ƙasa da 0.70 ba, sai dai ranar shinkafa yakan kai 2.2 bayan cin abinci, likita ya ce a rage kwanakin shinkafar, ba zai ƙara allura ba. Sau ɗaya aka samu koma-baya, makon bikin jikarta, inda ƙafa ta sake kumbura potasiyom ya kai 5.5, ya sauka da aka koma tsari. Miyar kuɓewa ba toka har yanzu ƙorafi take, wai ba yauƙi.

Tacewar ƙoda 23 ce, wato ba ta gyaru ba, kuma ba a sa ran ta gyaru. Tana da ƙarancin jini, kamar yadda aka saba gani a wannan mataki, abin da ke sa awon jinin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku ya zama ba abin dogaro ba sosai, don haka sukar yatsa aka fi bi. Awon fosfor sau ɗaya aka yi saboda kuɗi, ya fito a bakin iyaka. Likita ya zaunar da maigidan ya faɗa masa cewa in tacewar ta gangara ƙasa da 15 za a fara shirin wankin ƙoda, kuma ranar da aka fara tsarin nan zai sake juyawa: furotin zai hau zuwa giram 1.0 ko 1.2 ga kowane kilo saboda wanki yana ɗebe shi, ruwan sha kuma mai yiwuwa a koma auna shi. Maigidan ya roƙi a bar maganar tukuna, shi zai san yadda zai gaya wa ƙanwar mahaifiyarsa ta gaya mata. An rubuta musu awon potasiyom da na tacewa bayan mako shida, aka ce su zo da jakar magani gaba ɗayanta, har da abin da aka sayo a tebur.